Ƙwaya Ta Biyo Mu Har Gona

A wannan fitowa ba zan yi maganar taki ko iri ba. Zan ba ku labarin Yasore, wani ƙauye a ƙasar Batsari, yamma da birnin Katsina, domin abin da ke damunsu ya fara ƙwanƙwasa ƙofofinmu.

Batsari da Safana maƙwabta ne, dukansu suna bakin Dajin Rugu, wanda ya miƙa har iyakar Zamfara. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 200,000 a Ƙaramar Hukumar Batsari, Safana kuma fiye da 180,000. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, amma ba sai an ƙirga ba: ka tsaya a bakin kasuwa ka duba, yara da samari sun fi furfura yawa nesa ba kusa ba. Gonar da uba ɗaya ya noma, yau 'ya'ya biyar ko shida ke rabonta. A dā idan gona ta yi kaɗan sai a sari sabuwa a gefen daji. Yanzu dajin yana da masu shi.

Kun ji labarin ɓarayin daji. A watan Fabrairu 2020 sun kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar. A Satumba 2021 gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a wannan yanki don a toshe musu hanya, amma a Oktoba na wannan shekara suka faɗa wa Yasore, suka kashe mutum 10, suka ƙone gidaje. Mutane da yawa sun gudu zuwa garin Batsari da Katsina, waɗansu har Maraɗi. A 2023 jihar ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wurare da dama. Duk wannan an faɗa a rediyo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙwaya.

Yawancinmu muna tsammani shaye-shaye aikin 'yan iskan birni ne. Ni ma haka na ɗauka, sai da na tsaya a gonar wani ɗan ƙungiya da damina ina duban 'yan ƙwadago. Wani saurayi ya yi huɗa tun safe har la'asar bai zauna ba, bai taɓa furar da aka kawo ba. Mai gona yana ta yabonsa. Da na matsa na ga idanunsa, na gane ba ƙarfin tuwo ba ne. Ya haɗiyi tiramol kafin ya ɗauki garma. Daga baya ya gaya mini ya fara da guda ɗaya, a lokacin kuwa sai ya sha uku kafin jikinsa ya tashi. Rabin kuɗin ƙwadagonsa a wurin mai ƙwaya yake ƙarewa.

Tiramol maganin ciwo ne, na gaskiya. Likita yakan ba da mai lamba 50 ko 100. Wanda ake shigowa da shi a ɓoye yana da lamba 225 ko 250, shi ya sa yake jefa mutum cikin jijjiga kamar farfaɗiya. Ban da shi akwai wiwi, da sholisho, da ƙwayoyin barci irin su baliyam, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana a watan Mayu 2018. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tare da gwamnati a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha wani abu cikin waɗannan a shekara ɗaya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Kada mu yi saurin nuna yatsa: tukunyar burkutu da ke bayan gidajen waɗansunmu ita ma tana cikin lissafin da ya kamata mu yi wa kanmu.

Ina haɗin wannan da ɓarayi? Ba kowane mai shan ƙwaya ne ɓarawo ba, kada mu yi wa yara ƙazafi. Amma wanda jikinsa ke neman ƙwaya kullum, ba gona ba aiki, shi ne mai arha ga wanda ke neman mai kai masa labarin gidan da aka sayar da sa. Hanyar da ake kai mai da burodi cikin daji, ita ce kuma hanyar ƙwaya.

To, yaya ake magani? A nan nake so ku kasa kunne sosai.

Mutumin da ya saba da tiramol ko kodin, idan ya daina, cikin yini guda jikinsa zai fara ƙorafi: ciwon gaɓoɓi, gumi, hamma, majina, gudawa, rashin barci, da fushi ba dalili. Kwana biyu zuwa uku ne mafi tsanani, bayan mako guda yakan yi sauƙi. Ba taurin kai ba ne, ba kuma aljanu ba. Jiki ne ya saba. A ba shi ruwa da yawa, da kunu, da ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta yi yawa, a kuma sami mai zama kusa da shi. Amma ku lura da wannan: wanda ya daɗe yana shan ƙwayar barci ko giya kullum, kada a yanke masa farat ɗaya a gida. Yana iya jijjiga, hankalinsa ya rikice, har ya mutu. Irin wannan sai a hannun likita, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Haka kuma idan kun tarar da wanda ya sha ya wuce kima, yana numfashi da ƙyar, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku ɗura masa madara ko manja, ku nemi abin hawa zuwa asibiti.

Mari da bulala ba magani ba ne. A 2019 'yan sanda sun buɗe gidajen horo a Kaduna da Daura da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai su, da kyakkyawar niyya. Mu ma akwai gidajen addu'a da ake ɗaure mutane a ciki, kuma ban ga bambanci ba. A yi addu'a, a kuma kai asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana ba da shawara, a 2022 kuma ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040. Ku fara da ma'aikacin lafiya na kusa, shi zai rubuta muku takardar turawa.

Fitar da ƙwaya daga jiki sharar gona ce kawai, shuka da noma suna gaba. Wata uku na farko bayan dawowa gida su ne masu wuya. Yaron zai ga abokan dā, zai ji gajiya a gona, sha'awa ta taso. Da yawa sukan koma, wani sau biyu ko uku, kafin su tsaya. Komawa ba ta nuna aikin ya lalace ba, sai dai tana da haɗari, domin jikin da ya huta ba ya ɗaukar yawan da ya saba sha.

A nan ne ƙungiya take da amfani fiye da likita. Ku daina biyan ƙwadago a kan wanda ya fi saurin gama kunya, domin da hannunmu muke tura yara wurin mai ƙwaya. Ku ba su hutu da abinci da rana. Wanda ya dawo daga jinya, a ba shi 'yar gona a filin ƙungiya, ko tunkiya biyu na kiwo, kuma kada a damƙa masa bashi tsaba a hannu, a ba shi iri da taki. A zaɓi dattijo ɗaya mai riƙe asiri ya riƙa zama da shi kowane mako. Zumuntar mata kuma ta duba nata ɓangaren, gama matan da ke shan maganin tari a ɗaka ba mai ganinsu a kasuwa.

Saurayin nan na gona, sau biyu yana komawa. Bana shi ke riƙe da ma'aunin rumbun ƙungiyarsu, amma mabuɗin akwatin kuɗi har yanzu yana hannun kawunsa.