Rauni a Kai, Rama a Ƙafa

Manomi ya faɗo daga babur a hanyar kasuwa, kansa ya bugi dutse. Bayan mako uku a asibiti 'yan'uwa suka ɗaga mayafi, sai suka ga cinyoyinsa sun koma kamar kara. Ƙafa kuwa ba ta karye ba. Waɗansu suka ce sammu ne. To, me ya cinye naman?

Tsoka ba ta motsi sai da umarnin ƙwaƙwalwa, wanda ke saukowa ta laka da jijiyoyi. Ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ke mulkin hagun jiki, na hagu kuma dama. In rauni ya tare hanyar saƙon, tsoka ta zauna ba aiki, sai ta soma motsewa.

Amma akwai dalili na biyu, wanda mutane ba su cika sani ba. Jikin wanda ya ji mummunan rauni a kai yana ƙone abinci da sauri ƙwarai, ko da yana kwance a sume. Sai jiki ya juya yana cin namansa, kamar magidancin da rumbunsa ya ƙare da bazara ya shiga cin iri. A wani bincike da aka wallafa a 2013, likitoci a Ingila sun auna tsokar cinyar majiyyata 63 masu ciwo mai tsanani iri iri. Cikin kwana 10 ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Kun ga ba a jiran wata.

Saboda haka in an sallamo shi, kada a bar shi a kan koko tsurarsa. A haɗa masa da wake, gyaɗa, waken soya, ƙwai, madara ko kifi. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi, kaɗan kaɗan. In yana tari ko ƙwarewa wajen haɗiya, a faɗa wa ma'aikacin asibiti, gama abinci yana iya bin hanyar huhu.

A riƙa juya shi kowane awa 2 don gudun gyambo. A riƙa lanƙwasa masa kafaɗa, gwiwa da yatsu ana miƙewa a hankali kowace rana, in ba haka ba gaɓoɓi za su ƙage. Tsaga da ƙaho ba sa komo da nama, sai dai su rage jini.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mace ɗaya mai goyo. Ƙungiya ta raba kwanakin jiyya tsakanin 'yan'uwa, ta kuma sa ranar gayya a gonarsa, gama jiyyar takan ɗauki watanni.