Labarin zuciyar mussa, a tambayi wutsiya

Daga Dogarawa zuwa Galmi, har Malbaza da Birnin Ƙwanni, da wuya ka shiga gida ko mangaza ba ka tarar da mussa ba, wadda wasu ke kira kyanwa ko mage. Ita ce mai gadin da ba a biya. Tana tsare rumbun hatsi da buhunan wake daga ɓarnar kusu, a buro kuma tana hana shi cinye takardun aiki. Amma sau da yawa ana korarta da sanda don ta yakushi yaro, sai kusu ya samu fili. Alhali kuwa kafin ta kai farce ta yi kashedi, ba a dai gane ba.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na mussa kam, a tambayi wutsiya.

Kuskuren jama'a shi ne auna ta da kare. Tun shekara ta 1872 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya bayyana cewa kare mai shirin faɗa yana miƙe wutsiya sama, mussa kuwa idan ta miƙe tata sama, gaisuwa ce da aminci. A 1997 Charlotte Cameron-Beaumont ta jami'ar Southampton ta gwada haka da hotunan inuwar mussa: dabbobin sun fi saurin matsawa kusa da hoton da wutsiyarsa ke tsaye.

Ga abin da ya kamata maigida ya sani. Wutsiya tsaye, bakinta a ɗan lanƙwashe, alama ce ta sakin jiki, ana iya shafa ta. Idan bakin wutsiyar kaɗai ke motsi, idonta kuma na kan wuri guda, farauta take, a bar ta da aikinta. Idan tana kaɗa ta da ƙarfi hagu da dama ko tana bugun ƙasa da ita, ranta ya ɓaci, a ɗauke hannu nan take. Wannan ne yara ke ɗauka wasa, don sun saba ganin kare na kaɗa wutsiya in ya ga mai shi. Idan gashin ya kumbura, baya ya yi doro, tsoro ne ya kai matuƙa, a buɗe mata hanya. Wadda ta cusa wutsiya ƙarƙashin ciki, a tsorace take, wani lokaci kuma ciwo ke damunta. A riƙa duban kunnuwa ma: in sun kwanta baya, maganar ta tabbata.

A hana yara jan wutsiyar, domin ci gaban ƙashin baya ce, kuma jan ta da ƙarfi na iya lalata jijiyoyin da ke riƙe fitsari.

In cizo ko yakushi ya auku, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, sa'an nan a garzaya likita. Ciwon haukan kare yana kama mussa ita ma, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, kusan babu mai tashi.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. A koya wa yara waɗannan alamu tun a tsakar gida, yaro ya tsira da fatarsa, rumbu ya tsira da mai gadinsa.