Batirin Haidurojin: Sanin Cuta Kafin Sayen Na'ura

Duk wanda ya taɓa kai batirin mota ko na sola wurin mai caji a kasuwar Talata Mafara ya ga yadda ake yi. Mai cajin ba ya fasa batirin. Yakan ɗora ma'auni ya duba ƙarfin wutar, sa'an nan ya ɗora wa batirin aiki ya ga ko allurar za ta faɗi. Da wannan kaɗai yake gaya maka ko batirin zai ƙara kai ka wata damina. To, wannan dabara ita ce tushen binciken da masana ke yi wa wata na'ura da ake kira batirin haidurojin.

Shi wannan batir ba a yi masa caji. Ana shigar masa da iskar haidurojin ta gefe guda, da iskar da muke shaƙa ta ɗaya gefen, sai ya ba da lantarki da ruwa da ɗan zafi, ba tare da hayaƙi ba. Wani Baturen Birtaniya, William Grove, shi ne ya nuna asalin dabarar a 1839. Amurkawa sun yi amfani da ita a jiragen Apollo da suka je wata, kuma a 2014 kamfanin Toyota ya fito da motar Mirai mai aiki da ita. A tsakiyar kowane ɗaki na batirin akwai wani siririn tantani, an shafe gefensa biyu da garin ƙarfen filatinam mai tsadar gaske. A lissafi ɗaki guda zai ba da bolt 1.23, amma a bakin aiki yakan tsaya wajen 0.6 zuwa 0.7, shi ya sa ake jera ɗaruruwansu a mota guda.

In ƙarfinsa ya ragu, hanya ta farko ita ce irin ta mai caji. Ana ƙara masa aiki sannu a hankali, ana rubuta yadda ƙarfin ke sauka. In ya faɗi tun daga farko, filatinam ne ya yi sanyi. In a tsakiya ne yake zubewa, tantanin ne ke tauye wutar. In kuwa sai can ƙarshe ya rushe gaba ɗaya, to iska ce ba ta isa, galibi don ruwa ya toshe kafofinta.

Hanya ta biyu ta fi zurfi. Ana aika wa batirin 'yar ƙaramar wuta mai kai da komowa, daga sau dubbai a daƙiƙa guda har zuwa ƙasa da sau ɗaya, a auna yadda yake tirjiya. Amsar da ya bayar a kaɗawa mai sauri ita ke nuna ko tantanin ya bushe, ta kaɗawa a hankali kuma ita ke tona asirin toshewar ruwa. Amfanin wannan babba ne, domin bushewa da ambaliya duka rage wuta suke yi, alhali kuwa maganin ɗaya shi ne gubar ɗayan.

Hanya ta uku sai an tsai da aiki. Ana sa iskar naitirojin a maimakon iskar shaƙa, a riƙa hawa da sauka da ƙarfin wuta, a gane yawan filatinam ɗin da ya rage yana aiki, da kuma ko haidurojin na yoyo ta wata ɓula a tantanin.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Morai ko Bakura da wannan? Tantanin nan ba ya aiki sosai sai da laima, ƙasarmu kuwa tana da hunturu mai busar da leɓe, da ƙura, da zafin bazara. Na'urar da aka gwada a Jamus ba lalle ta yi hali iri ɗaya a Maradun ba. Har ila yau muna da darasi a gida. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, aka kafa na'urorin yayyafa ruwa a gonaki, amma daga baya da yawansu suka tsaya saboda rashin wuta da rashin kulawa, manoma suka ɗauki asarar.

Batirin haidurojin bai zama ruwan dare a ƙasar nan ba tukuna, wannan kuwa dama ce. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da aka kafa a 1982, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara. Hanyoyin awo biyu na farko ana iya koyonsu a kan batirin sola da ke hannunmu yau. Ya kamata ɗalibanmu su fara daga nan. Ma'aikacin gwamnati kuma, ran da aka kawo masa takardar sayen irin wannan na'ura, ya tambaya tun kafin ya sa hannu: ina kayan awonta, kuma wane ne aka koya wa aiki da su?