Raba ruwa da hasken rana: inda binciken ya kai, da abin da ya rage kafin ya iso Garagumsa

A ƙaramar hukumar Garagumsa, mai hedkwata a Takeita, kimanin kilomita 50 yamma da birnin Damagaram, rana ba ta yanke wa kowa. A Nijar, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana samun ƙarfin rana da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 a yini. Matsalar ita ce da magariba wannan arziki yake tafiya. Farantan sola suna ba da kuran da rana, amma ajiye shi zuwa dare sai da batir, shi kuwa batir yana da tsada, kuma zafi yana rage masa kwana. Jama'ar jahohin Damagaram da Maradi, da kuran ɗinsu ke zuwa ta layin Katsina, sun ga illar dogaro da wutar waje lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023.

Shi ya sa masana a ƙasashe da dama suke neman hanyar ajiye rana kamar yadda manomi ke ajiye gero a rumbu. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce raba ruwa da hasken rana domin a samu iskar idrojen.

Mene ne a cikin ruwa?

Ruwa haɗin iska biyu ne: idrojen da oksijen. Idrojen makamashi ce. Idan aka ƙona ta, ko aka sa ta a na'urar da ke mayar da ita lantarki, abin da ke fita ruwa ne kawai, babu hayaƙi. Lita 9 ta ruwa tana ɗauke da kilo 1 na idrojen, kilo ɗayan kuma yana da ƙarfin kilowat-awa 33, wato kusan ninki uku na ƙarfin kilo ɗaya na fetur. Ke nan jarkar lita 25, irin wadda ƴan garuwa ke turawa a unguwannin Damagaram, tana ɗauke da idrojen da ta haura kilo biyu da rabi.

Sai dai ruwa ba ya rabuwa a banza. Ƙarfin da za a samu daga idrojen, sai an fara zuba wanda ya fi shi wajen raba ruwan. Ruwa ba mai ba ne, mazubi ne. Abin tambaya shi ne ko rana za ta iya biyan wannan kuɗi kai tsaye.

A shekarar 1972, wasu masana biyu na ƙasar Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka wallafa a mujallar Nature cewa sinadarin titaniyom dayoksid, wato farar hodar nan da ake sawa a fenti, yana iya raba ruwa idan haske ya buge shi. Sinadarin yana cikin dangin da ake kira semikondukta, dangin silikon da ake yin farantan sola da shi. Idan haske ya shiga irin wannan sinadari, yakan tunkuɗe ƙwayar lantarki da ake kira elektron daga mazauninta, ya bar gurbi. Elektron ɗin ne ke fitar da idrojen, gurbin kuma ya fitar da oksijen, muddin kowannensu ya isa bakin ruwa.

Amfanin ƙanƙanta

A nan gizo ke saƙar. Elektron da gurbinsa suna saurin komawa su haɗe, ƙarfin ya zama zafi kawai. Kamar mutum ne a tsakiyar Kasuwar Dole da aka ba saƙo ya kai bakin ƙofa: idan tafiyar ta yi nisa, cunkoso zai tsayar da shi. Dabarar masana ita ce su rage tafiyar, su ƙera sinadarin ƙanana ƙwarai, a ma'aunin nanomita. Milimita ɗaya ta ƙunshi nanomita miliyan ɗaya. Kaurin silin gashi ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000.

Ƙanƙanta tana da amfani na biyu. Duk macen da ta taɓa jiƙa tsabar gero da garinsa ta san wanda ruwa ya fi saurin ratsawa. Dunƙule mai faɗin santimita ɗaya ta kowane gefe yana da fuskar da ba ta wuce murabba'in santimita 6 ba. Idan aka yanka shi gutsi-gutsi masu nanomita 10, fuskar da ruwa zai taɓa ta zama murabba'in mita 600.

Misalin da ya fi kusa da mutanen karkara shi ne tsatsa. Sinadarin hematit, wanda ke ba marmara da jar ƙasa launinsu, semikondukta ne, ga araha, kuma yana shan hasken da ido ke gani, saɓanin titaniyom da ke shan haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda bai wuce kashi 5 cikin ɗari na hasken rana ba. Aibin tsatsa shi ne gurbin da ke cikinta ba ya iya tafiyar da ta wuce ƴan nanomita kaɗan. A shekarar 2006, ayarin Michael Grätzel na makarantar EPFL da ke Lozan a ƙasar Suwis ya ƙera hematit mai siffar ƙananan rassa masu toho, abin da ya ƙara yawan aikinsa sosai. Wannan ba ya nufin a ɗebo marmara a zuba a ruwa: sinadarin sai an tace shi, an ƙera shi a ɗakin bincike.

Inda aka kwana

Ana auna nasarar wannan fasaha da kason ƙarfin rana da ya koma idrojen. A shekarar 2021, ayarin Kazunari Domen na Jami'ar Tokiyo ya ba da rahoton gwaji a fili mai murabba'in mita 100, da hodar sinadarin sitirontiyom titanat, kuma na'urar ta yi watanni tana aiki. Kason da aka samu bai wuce 0.76 cikin ɗari ba. A 2023, ayarin Zetian Mi na Jami'ar Mishigan a Amurka ya kai kashi 9.2 cikin ɗari a ɗakin bincike, da siraran wayoyin nano na indiyom da galiyom. Abin lura ga ƙasa mai zafi shi ne na'urarsu ta fi aiki a wajen digiri 70, alhali zafi rage ƙarfin farantan sola yake yi. Amma indiyom da galiyom ma'adinai ne masu tsada. Galibin masana suna ganin sai an kai kashi 10 da sinadarai masu araha da jure shekaru kafin a yi maganar kasuwa.

Idan aka ɗauki kilowat-awa 6 a yini, fili irin na Japan a Takeita zai ba da idrojen kimanin giram 140 a yini. Farantan sola da ake sayarwa yau suna mayar da wajen kashi 20 na hasken rana lantarki, kuma idan aka haɗa su da na'urar raba ruwa mai aiki da kuran, kason da ke komawa idrojen yana haura 10 cikin ɗari. Wato tsohuwar hanya har yanzu tana gaban sabuwa.

Akwai kuma matsalolin gida. Ruwan da ake rabawa sai tatacce, a jahar da birninta ya daɗe yana fama da ƙishirwa, yana jiran ruwan Gogo-Machaya, Arunguza da Ganaram. Ƙurar hunturu tana tare haske. Cakuɗar idrojen da oksijen kuma tana fashewa, shi ya sa masanan Japan suka sa matata ta musamman da ke raba su.

Abin da ya shafi manomi

Ribar farko da Garagumsa za ta iya gani daga idrojen ba a fitila take ba, a gona take. Takin yuriya ana yin sa ne daga amoniya, amoniya kuma daga idrojen da iskar nitrojen da ke cikin iskar da ake shaƙa. A yau kusan duk idrojen ta duniya daga iskar gas da kwal ake samun ta, don haka farashin gas yana bin buhun taki har kasuwar ƙauye, a ƙasar da ke shigo da takinta daga waje. Ranar da idrojen ta rana ta yi araha, ƙasa mai rana za ta iya yin takinta.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da ta Gorubanda mai megawat 30 suna aiki. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou ta Damagaram suna da tambayoyin da ba a amsa su a Tokiyo ko Lozan: yaya waɗannan sinadarai za su yi da ƙura, da zafin watan Afrilu, da ruwan rijiya?

Kafin nan, abin da ya tabbata ga mazauna Garagumsa shi ne farantan sola da fanfunan ban ruwa. Duk wanda ya zo da wata na'ura ko hoda yana cewa tana mayar da ruwa man babur, a riƙe kuɗi a aljihu: abin da manyan jami'o'i suka shafe fiye da shekara 50 suna nema bai fito kasuwa ba tukuna.