Inshorar lafiya: Horon ƙwarewar da masu harhaɗa magunguna ke buƙata, da inda ake samun sa

Tun watan Mayun 2022, lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, shiga inshorar lafiya ya zama wajibi a kan kowane ɗan Najeriya, ko da a takarda ne. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne wanda zai zauna ya tantance maganin da inshorar za ta biya, da farashinsa, da majiyyacin da ya cancanta. A Amurka wannan aiki fanni ne mai zaman kansa a ilimin harhaɗa magunguna, har da horon neman ƙwarewa nasa. A Najeriya aikin ya riga horon isowa.

Mai harhaɗa magunguna na wannan fanni ba a bayan kanta yake tsayawa ba. A ofis yake, lissafin dubban majiyyata a gabansa. Babban aikinsa shi ne tsara jerin magungunan da inshora ta amince da su. Ɗauki maganin hawan jini amlodipine: kamfanin Pfizer ne ya fara fitar da shi da sunan Norvasc, wasu kamfanoni masu yawa kuma na yin sa da sunan sinadarin a farashi mai sauƙi. Idan ingancin ɗaya ne, kuɗin da zai wadatar da mutum guda da mai tsadar zai iya wadatar da mutane da dama da mai arahar. Tabbatar da cewa ingancin ɗaya ne, nan ƙwarewar take. Shi ne kuma ke bin takardun neman biya da asibitoci ke turowa, ya gano inda aka rubuta wa mutum magunguna biyu masu karo da juna, ko inda mai ciwon suga ya daina karɓar maganinsa wata uku ba wanda ya lura.

A Amurka wanda ya kammala digirin PharmD kan nemi gurbin horo na wata 12 a kamfanin inshora, ko a kamfanonin da ke sarrafa kuɗin magani a madadin inshora, irin su CVS Caremark, Express Scripts da Optum Rx. Ƙungiyoyi biyu, ASHP da AMCP, su ke tantance shirye-shiryen. Ana biyan mai horon, amma ƙasa da abin da zai samu da ya kama aiki kai tsaye. Tsarin yana shan suka a can: ana zargin waɗannan kamfanoni uku, da suka mamaye mafi yawan kasuwar, da ƙara tsadar magani maimakon rage ta. Wanda zai kwaikwayi horon ba lallai ne ya kwaso kasuwar ba.

Buƙatar Najeriya ta fi fitowa fili idan aka dubi yadda kuɗi ke tafiya. A matakin farko ana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi kan kowane mai rajista duk wata, ya zo ko bai zo ba, kuma daga ciki ake fitar da kuɗin maganinsa. Shekaru da dama kuɗin yana naira 750, alhali farashin magani na ta hawa, musamman bayan kamfanonin GSK da Sanofi sun sanar da daina kasuwanci kai tsaye a ƙasar a 2023. Sai a 2024 da 2025 NHIA ta ƙara kuɗin. Asibitin da lissafi bai fitar masa ba yana da amsa ɗaya mai sauƙi: babu maganin, a je waje a saya.

A Legas kowa ya san inda “waje” yake. Iddo, inda tsohuwar tashar jirgin ƙasan da ke zuwa Kano take, kuma inda fataken Arewa suka daɗe suna sauke kayan abinci, gadar Carter ce kawai ta raba ta da Idumota, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin magani na ƙasar nan, wadda hukumar NAFDAC ta rufe na wani lokaci a farkon 2025 kan jabun magunguna da waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Jihar Legas na da nata shirin inshora, Ilera Eko, ƙarƙashin hukumar LASHMA, kuma ya shafi mazauna jihar har da 'yan kasuwa da 'yan dako na Iddo, Agege da Mile 12. Amma ɗan kasuwar da ya biya kuɗin shekara, aka ce masa babu magani sau biyu, da wuya ya sabunta rajista. Inshorar da mutane ba sa sabuntawa kuwa ba ta daɗewa.

To ina matashin da ya gama karatun harhaɗa magunguna a Zariya, Kano ko Sakkwato zai nufa idan wannan fanni yake so? Matakin farko sananne ne: digiri na shekara biyar, ko PharmD na shekara shida, sai horon shekara ɗaya na sanin makamar aiki, da rajista da Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, wato PCN, sannan hidimar ƙasa. Daga nan hanya mafi kusa ita ce Kwalejin Ƙwarewa ta Masu Harhaɗa Magunguna ta Afirka ta Yamma, WAPCP, mai hedikwata a Yaba, tafiyar 'yan mintuna daga Iddo idan hanya ta yi kyau. Kwalejin ta haɗa Najeriya, Ghana, Laberiya, Saliyo da Gambiya, kuma ana bin jarrabawarta mataki-mataki har a kai ga rubuta kundin bincike. Ba ta da tsangaya mai sunan inshora. Mafi kusa su ne tsangayar gudanarwa da zamantakewa, da ta lafiyar al'umma, da ta kula da majiyyata a asibiti.

Saboda haka mai son fannin sai ya haɗa horonsa da kansa. Ya yi rajista da kwalejin, ya nemi aiki a kamfanin HMO, ko a NHIA, ko a hukumar jiha irin LASHMA ko KSCHMA ta Kano, ya kuma zaɓi batun bincikensa daga takardun biyan kuɗin da ke wucewa ta hannunsa. Digiri na biyu a tattalin arzikin lafiya yana taimakawa ƙwarai, haka ma iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta, abin da ɗaliban fannin da yawa ke ɗauka ba nasu ba ne. Raunin wannan hanya a bayyane yake: babu mai horarwa da aka ɗora wa alhaki, babu ma'auni guda, don haka mutum biyu masu takarda iri ɗaya na iya fitowa da ilimi daban.

Batun lada ma bai gama zama ba. Gwamnatin Tarayya ta amince da muƙamin babban ƙwararre ga masu harhaɗa magunguna da suka kammala kwalejin, amma Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya, NMA, ta daɗe tana adawa da shi, kuma aiwatarwa na tafiyar hawainiya a asibitoci da dama. Wannan takaddama ta cikin asibiti ce, ba ta cika shafar mai aiki a ofishin inshora ba, inda abin da ake dubawa shi ne ko ya iya karanta lissafi da takardar magani a lokaci guda. Idan kuma yana jin Hausa, a Agege ko Iddo zai iya yin abin da ofishin ke yawan gazawa a kai: ya bayyana wa mai hawan jini dalilin da ya sa kwalin maganinsa ya canza launi alhali maganin bai canza ba.