Romiyo da Juliyet: Gabar Gidaje Biyu ko Auren Dole?

Duk wanda ya ji sunan Romiyo da Juliyet, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne gabar gidan Montagu da gidan Kafulet a birnin Berona na Italiya. To amma a namu ganin, masu ba da labarin wannan wasa na Shakespeare, marubucin Ingila, wanda aka fara bugawa a 1597, suna mantawa da laifin mahaifin yarinyar.

Juliyet ba ta cika shekara 14 ba. Da wani basarake mai suna Faris ya zo neman aurenta, uban ya ce a dakata shekara biyu, kuma sai ya shawo kanta tukuna. Magana ta hankali ke nan. Amma bayan Romiyo ya kashe Tibalt, ɗan'uwanta, sai tsohon ya juya, ya sa ranar Alhamis ba tare da ya ji ta bakinta ba. Da ta ƙi, ya ce zai kore ta daga gida. Bai san an riga an ɗaura mata aure da Romiyo a ɓoye ba. Wannan matsi ne ya sa ta shan maganin da ya kwantar da ita kamar gawa, wasiƙar da za ta sanar da Romiyo dabarar kuwa ba ta isa gare shi ba. Ƙasa da mako guda, rai shida suka salwanta.

A nan Adar, daga Dewule zuwa Buza, Kaita da Madawa, ba kasafai gabar jini ke raba masoya ba. Asali ne kan gaba, domin akwai gidajen da ba su ba mahauci ko maroƙi ɗiyarsu, komai natsuwarsa. Sai kuma abin hannu: saurayi ya tafi cin rani Abijan neman kuɗin aure, ya dawo ya tarar an ba wanda ya riga shi cika aljihu. Binciken da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuwa kafin 15, wato tsarar Juliyet.

Marubutan Kano ma sun taɓo wannan gyambo. A littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya ɗiyar masu kuɗi ce, Muhammad talaka. Da aka matsa mata ta auri wani attajiri, sai ta faɗa rijiya. Ita dai an ciro ta da rai.