Ranar Da Mai Keke Zai Sake Tafiya Daga Mafara Zuwa Maradun

Idan aka ce yawon shaƙatawa a kan keke, da yawa daga cikinmu sai hankalinsu ya tafi ƙasashen Turai, inda ake ganin mutum da matarsa sun ɗaura jakunkuna a kan kekuna, suna ratsa tuddai da gonakin inabi kwana da kwanaki ba tare da fargaba ba. To amma duk wanda ya san yammacin Zamfara ya san cewa Allah Ya hore mana irin waɗannan hanyoyi a tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Abin da muka rasa shi ne kwanciyar hankalin da za a bi su, kuma a kan wannan rashi nake son mu yi nazari a yau.

Na san hanyoyin nan ne a farkon shekarun 2000, lokacin ina ɗalibi ina tattara kalmomin karin harshen Zamfara. Ba ni da kuɗin hayar babur, saboda haka na ari wani tsohon keke ƙirar Phoenix a wurin mai masaukina a Mafara. Daga baya na gane talaucin nan gata ya yi mini. Mai mota yana wuce ƙauye ne kawai, mai babur kuma ƙararsa na riga shi isa, amma mai keke yana tafiya daidai da saurin gaisuwa. Kafin ka gota manomi ya ce maka “sannu da tahiya”, ka amsa, ya tambaye ka “lahiya dai?”, sai ka ga ka sauka kun zauna a gindin tsamiya. A irin wannan zama na ji yadda Bazamfare ke cewa “shina zuwa” a inda Bakano zai ce “yana zuwa”, da yadda harafin “f” ke komawa “h” ko “hw” a bakinsa. Rabin abin da na rubuta a kundina daga kan sirdin keken nan na samo shi.

Bari in zana wa mai karatu hanyoyin kamar yadda na san su. Talata Mafara tana kan babban titin Gusau zuwa Sakkwato, kuma sunanta ma daga kasuwarta ta ranar Talata ya samo asali. Idan ka fito da sassafe ka nufi gabas, wajen Maradun, ƙasa takan fara tashi a hankali, duwatsu da tuddai suna ɓullowa a tsakanin gonakin gero da dawa. Hawan ba mai karya ƙafa ba ne, sai dai a wasu wurare dole ka miƙe tsaye a kan feda, wani lokacin ma ka sauka ka tura. Ladan wahalar yana zuwa ne idan ka kai kan tudu ka hango ruwan Bakolori a shimfiɗe, masunta a cikin kwale-kwalensu, balbelu suna bin shanu a gaɓa.

Hanya ta biyu ita ce ta arewa maso yamma, wajen Bakura, garin Sarkin Burmi. Nan ƙasa a kwance take, domin fadamar Gulbin Sakkwato ce da filayen noman rani. Kowace babbar magudanar ruwa tana da ’yar hanya a gefenta, wadda aka yi domin ma’aikatan da ke kula da ruwa, kuma babu abin da ya dace da ita kamar keke. A tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da hunturu ya sassauta rana, mutum zai yi tafiyar awa biyu a tsakanin koren shinkafa da alkama da albasa da tumatir, alhali can nesa kan tudu komai ya bushe sai gawo da ke fitar da ganye a lokacin da sauran itatuwa ke zubar da nasu.

Sai dai kyawun wurin yana da tarihi mai ɗaci, kuma bai kamata mai yawo ya wuce shi ido rufe ba. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina madatsar Bakolori, aka kammala ta a 1978. Tsawon bangonta ya haura kilomita 5, kuma an tsara ta riƙe ruwa mita miliyan 450 mai kusurwa uku domin shayar da kadada kusan 23,000. Ruwan ya cinye gonaki da gidajen dubban mutane. Da manoma suka tashi neman diyya suka tare hanyoyin aikin, sai aka tura musu ’yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilun 1980. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Dattawan da suka ba ni wannan labari a inuwar rumfunansu ba su taɓa ba wa mai mota shi ba, don kuwa mai mota bai taɓa tsayawa ba.

Yau fa? Wanda duk ya ce wa baƙo ya ɗauki keke ya bi waɗannan hanyoyi ya cuce shi. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 ’yan bindiga suka kwashe ’yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar suka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, suka tafi da ɗalibai da ma’aikata. A ranar 1 ga Satumba kuma suka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar garin Kaya da ke Maradun. Ƙananan hukumomi ukun da nake magana a kansu, kowace ta samu rabonta a cikin shekara guda. Bayan haka ne aka katse layukan waya a jihar na wani lokaci, aka kuma rufe kasuwannin mako. Har yanzu akwai ƙauyukan da manomi ba ya zuwa gonarsa sai da yardar waɗanda ke daji.

Wani zai ce, to malam, a cikin wannan hali mene ne na zancen keke? Amsata ita ce, keke shi ne ma’aunin zaman lafiya mafi gaskiya da muke da shi. Babban mutum yana iya ratsa titin Gusau zuwa Sakkwato da jerin motoci da jiniya, ya dawo ya ce hanya lafiya lau. Mai keke ba shi da sulke, ba shi da gudun tsira, ba shi da ɗan rakiya. Ranar da malamin firamare zai hau kekensa daga Mafara ya je ƙauyen da yake koyarwa ya dawo da la’asar ba tare da matarsa ta wuni da zullumi ba, ranar ce za mu yarda tsaro ya samu. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin babur ya fi ƙarfin talaka, mutane da yawa sun koma kan dokin ƙarfe, masu faci sun sake samun ciniki. Ashe maganar keke maganar zuwa gona ce da makaranta da asibiti, kafin ta zama ta shaƙatawa.

Kada kuma mu ɗauka ƙasar da ta ga jini ba ta komawa wurin yawo. Ruwanda, wadda ake wa kirari da ƙasar tuddai dubu, ta ga kisan ƙare dangi a 1994. A yau tana da hanyar kekuna da masu tafiya a ƙasa mai tsawon kilomita 227 a gaɓar Tafkin Kibu, inda ƙauyawa ke samun abin sakawa a bakin salati ta hanyar sayar wa matafiya abinci da ba su masauki. A watan Satumban 2025 kuma birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar Afirka. Maƙwabtanmu na Burkina Faso su ma sun fara tasu gasar zagaye ƙasa tun 1987. Babu ɗayansu da ya fi mu tuddai masu kyan gani ko mutane masu karamci.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Jihar Zamfara da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da su riƙa auna nasarar aikin tsaro da ƙananan hanyoyin ƙauye, waɗanda talaka ke bi kullum, maimakon babban titi kaɗai. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke kula da Bakolori, ta ci gaba da gyara hanyoyin gefen magudanai, domin su ne jijiyar manomi a yau, su ne kuma hanyar baƙo gobe. Makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara su sa ɗalibansu su zana taswirar waɗannan hanyoyi, su rubuta sunayen tuddai da rafuka da ƙauyukan da aka tasa, tun dattawan da suka san su suna raye. Sunan wuri yana mutuwa ne idan aka daina bi ta wurin, kuma a matsayina na ɗalibin harshe wannan asara tana ci mini rai ƙwarai.

Mai masaukina ya rasu, amma ’ya’yansa sun ce keken nan yana nan jingine a zaure, kacarsa ta yi tsatsa, tayoyinsa sun sace. Na roƙe su kada su sayar wa ’yan gwangwan. Ina da niyyar in sa a gyara shi, in sake hawa tudun nan na hanyar Maradun in hango ruwa, ko da gwiwa ta fara gardama. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, amin.